Da Me Aka Yi Wannan Aiki? Tarihin Dogararmu Ga Tanadin Allah

 Kwamitin shirya wannan biki ya ba mu waɗannan shafuffuka domin mu rubuta tarihi. Sunayen pastoci da dattawan da suka yi hidima a nan suna wani wuri cikin wannan littafi, haka ma hotunan gine-gine. Abin da ya rage mana shi ne tambayar da hoto ba ya amsawa, wato da me aka yi wannan aiki, ta hannun wa kuma biyan bukata ya zo.

Kalmar jubili kanta tana ɗauke da wannan tambaya. Cikin Littafin Firistoci sura 25 Allah ya umarci Isra'ilawa su bar ƙasa ta huta kowace shekara ta bakwai, a shekara ta hamsin kuma kada su yi shuka ko girbi, su saki bayi, su mayar wa kowa gonar gadonsa. Duk manomin da ya ji wannan umarni ya san abin da zai fara zuwa masa a rai: to, me za a ci? Allah bai tsauta musu saboda tambayar ba. Ya yi alkawari zai sa albarka a amfanin shekara ta shida har ya ishe su shekara uku. Ashe tun asali bikin jubili gwaji ne na ko jama'ar Allah sun amince da shi a kan zancen tuwo.

Domin mu gane yadda iyayenmu suka koyi wannan dogara, sai mun koma baya, har ƙasar Ingila. A birnin Bristol akwai wani bawan Allah, mutumin Jamus, mai suna George Müller. Tun 1830 ya daina karɓar albashin da aka yanka masa na fasto, ya ƙudura ba zai roƙi ɗan adam ko anini ba, sai dai ya kai bukatarsa gaban Allah. A 1836 ya buɗe gidan marayu na farko. Kafin ya rasu a 1898 ya riƙe marayu wajen dubu goma, ya gina manyan gidaje biyar a Ashley Down, kuɗin da suka bi ta hannunsa kuwa sun haura fam miliyan ɗaya. Mu masu wa'azi muna son labarin nan da aka saba bayarwa, na safiyar da yara suka zauna a tebur babu abinci, aka yi addu'ar godiya, sai ga mai gashin burodi a ƙofa, sa'an nan keken mai madara ya lalace daidai bakin gidan. Labari ne mai daɗi. Amma akwai sashen rayuwar Müller da ba a cika ɗauka a wa'azi ba. Bai taɓa cin bashi domin aikin ba. Kowace kyauta, kome ƙanƙantarta, yana rubutawa, yana kuma buga rahoton kuɗi a bainar jama'a. Abin da aka ba shi domin gini ba ya karkatar da shi zuwa abinci, ko da tukunya ta bushe. Ya kuma yi shekaru yana kwana bai san abin da za a dafa gobe ba.

Hudson Taylor ya ɗauki wannan tafarki ya kai shi fagen mishan. A 1865 ya kafa China Inland Mission da fam goma kacal a banki, bisa ƙa'ida cewa ba roƙo, ba bashi, ba kuma alkawarin albashi ga kowa. Müller na cikin waɗanda suka riƙa aika wa ma'aikatansa gudummawa. Allah ya biya bukatun aikin, amma bai kāre Taylor daga baƙin ciki ba, gama ya binne 'ya'yansa da matarsa ta fari a ƙasar Sin. A tarzomar 1900 an kashe 'yan mishan ɗinsa 58 da yara 21, ƙungiyar kuwa ta ƙi karɓar diyya.

Daga wannan rijiya ce samari uku da suka sauka Ikko ranar 4 ga Disamba 1893 suka sha ruwa, wato Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. Ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. Nufinsu shi ne su kai bishara ƙasar da a lokacin ake kira Sudan, wato faffaɗan yankin da ke kudu da Sahara, har da ƙasar Hausa. Sun nemi ƙungiyoyin mishan na Amurka da Ingila su aiko su, ba wadda ta yarda, saboda rashin kuɗi da tsoron cututtukan ƙasar. Sai suka taho da ɗan abin da ke aljihunsu, da addu'ar mahaifiyar Gowans, wadda ita ce ta fara ɗora wa Bingham wannan nawaya. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, ya tsaya a Ikko yana neman abin aika wa 'yan'uwansa. Gowans ya rasu a Girku a Nuwamba 1894, Kent ya rasu a Bida a Disamba na wannan shekara. Bingham ya koma Kanada a 1895, ba tashar mishan ko ɗaya, ba sabon tuba ko ɗaya. Ya sāke zuwa a 1900, ciwo ya sāke kora shi. Sai a 1902 aka kafa tasha ta farko a Pategi, a bakin Kwara.

A nan ya kamata mu dakata, gama akwai koyarwar da ta yi yawa a zamaninmu wadda ba za ta iya fassara kabarin Girku ba. In da bangaskiya ciniki ce, ka ba Allah kaza ya mayar maka da sa, to, Gowans da Kent sun yi asara, ko kuwa bangaskiyarsu ce ba ta kai ba. Mu dai ba mu da bakin faɗin haka, tun da yake muna zaune yau cikin amfanin gonar da suka share. Sura 11 ta Ibraniyawa ta jera waɗanda suka tsira daga bakin zaki da waɗanda aka kashe da takobi cikin layi ɗaya, ta kuma shaidi dukansu da bangaskiya.

Ya kamata kuma a faɗi cewa waɗanda suka biyo baya sun koyi darasi. Dokta Andrew Stirrett, wanda Hausawa suka sani da Bature Mai Magani, mai kantin magani ne a Toronto. Ya sallama dukiyarsa ga aikin, ya zo a 1902, ya yi hidima har ya rasu a 1948. Shi ne ya matsa wa 'yan mishan su riƙa shan kwinin kullum, mace-macen kuwa suka ragu. Mutum ne mai addu'a ƙwarai, bai kuwa ga wani saɓani tsakanin durƙusawa gaban Allah da haɗiyar ƙwayar magani ba. Yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Muna faɗin wannan domin har yanzu akan sami ɗan'uwa da ya ƙi zuwa asibiti da sunan bangaskiya, iyalinsa kuma su sha wahalar banza.

Taken SIM shi ne ta wurin addu'a, kuma shekaru da yawa tsarinta shi ne a zuba gudummawar da ta shigo cikin asusu guda a raba daidai, wanda ya fito daga ikkilisiya mai arziki da wanda ya fito daga ta talakawa kowa ya sami rabo ɗaya. In abin ya yi yawa a ji daɗi tare, in ya kasa a ɗaure ciki tare. Da irin wannan kuɗi, mafi yawansa daga hannun ƙananan ma'aikata da gwauraye, aka buɗe Wushishi da Egbe da Kwoi da Kagoro, aka shiga Damagaram a 1924, aka kafa zangon kutare a ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato, aka gina asibitin ido na Kano da asibitin Galmi. 'Yan'uwanmu na SUM, waɗanda Karl Kumm ya jagoranta zuwa Wase a 1904, su ma a kan irin wannan dogara suka fara.

To, amma da labarin ya tsaya a nan, da sai mu ce tanadin Allah ta jirgin ruwa kaɗai yake zuwa. Abin da ya faru a Habasha ya nuna ba haka ba ne. Da sojojin Italiya suka mamaye ƙasar, aka fitar da 'yan mishan na SIM daga yankin Wolayta a 1937. Sun bar masu bi 48 da aka yi wa baftisma, da ɗan abin da aka fassara na Maganar Allah. Ba Bature, ba kuɗin waje, ga bulala ga kurkuku. Masu bi suka riƙa kai wa 'yan'uwansu na kurkuku abinci, suna nome wa masu bishara gonakinsu. Da 'yan mishan suka komo bayan 'yan shekaru, dubban masu bi suka tarar.

A ƙasarmu ma dattawan farko sun gane wannan da wuri. A 1948, shekara shida kafin a kafa ECWA kanta a 1954, aka kafa ƙungiyar aika masu bishara 'yan ƙasa, wadda daga baya aka sa mata suna EMS. Ku lura da wannan jeri, gama yana da ma'ana: iyayenmu sun fara aika ma'aikata da kuɗinsu tun ba su da hedkwata. Kuɗin kuwa kwabo ne da sisi da sule, daga manoma, da maƙera, da matan da suka sayar da ƙuli-ƙuli da daddawa. A ƙarƙashin jagorancin Rabaran Panya Baba, daga 1970 zuwa 1988, ma'aikatan EMS suka ƙaru da ɗaruruwa, har aka tsallaka iyakar Nijeriya. A waɗannan shekaru aka yi muhawara mai zafi a Afirka. John Gatu na Kenya ya ba da shawara a 1971 cewa a dakatar da 'yan mishan da kuɗin waje na wani lokaci domin ikkilisiyoyin Afirka su tsaya da ƙafafunsu. Dokta Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya taɓa zama babban sakataren ECWA, bai yarda a kori kowa ba, gama jikin Almasihu ɗaya ne, amma shi ma ya nace cewa dole ikkilisiyar Afirka ta ɗauki kayanta. Kato ya rasu a Mombasa a Disamba 1975. A Nuwamba 1976 SIM ta miƙa wa ECWA ragamar ayyukanta na Nijeriya.

A cikin wannan yanayi aka haifi wannan ikkilisiya tamu. Ba Bature ne ya tara mu ba. Mai bishara ne ɗan ƙasa, wanda ya iso da matarsa da akwati ɗaya da keke, ɗan alawus ɗinsa kuwa yana fitowa daga baikon ikkilisiyoyin da ba su taɓa ganin fuskarmu ba. Alawus ɗin yakan makara, wani lokaci wata biyu, wani lokaci fiye. Ya roƙi gona a wurin mai unguwa, ya noma dawa da wake, matarsa tana saƙa tana koya wa mata karatun Hausa da yamma. Ba wanda ya ga abin kunya a cikin wannan, tun da Manzo Bulus ma ya ɗinka tanti a Koranti.

Lokacin ba mai sauƙi ba ne. Farin 1973 da 1974 ya bar rumbuna wayam, dabbobi sun mutu. A 1975 cuta ta faɗa wa gyada ta lalata amfanin shekarar, gyada kuwa ita ce kuɗin talaka a wancan zamani. Ƙarin albashin Udoji ya faranta wa ma'aikatan gwamnati rai, amma ya tashi farashin kaya a kasuwa, manomi kuwa ba shi da Udoji. Mu da muke yara a lokacin mun tuna yadda ake sujada a rumfar zana, ana zama a kan kututture, ana buga guntun ƙarfen mota a madadin ƙararrawa. Ranar Lahadi ba kuɗi kaɗai ke shiga kwanon baiko ba. Akan kawo ƙwai, da mudun gero, da kubewa busasshiya, wani lokaci da ɗan zakara a ɗaure, bayan sujada a yi gwanjo, ma'aji ya rubuta cikin littafin makaranta mai layi. Wannan littafi yana nan har yau, bangonsa ya yage, amma lissafinsa bai yage ba.

Majami'ar farko da gayya aka gina ta. Maza suka kwaɓa ƙasa suka yi tubali, matasa suka sare azara, mata suka ɗebo ruwa daga rafi tun asuba. Da aka kai ga rufi, kuɗin kwano bai cika ba. Wani ɗan kasuwa ya yi tayin ba da kwano bashi a biya bayan kaka. Dattawa suka zauna a kai har dare, suka ƙi. Hujjarsu ita ce, in damina ta ƙi, sunan Yesu ne za a riƙa kira a bakin kanti ana bin bashi. Aka rufe rabi da kwano, rabi da ciyawa, aka yi damina guda ana matsawa gefe in ruwa ya sauko. Baƙo ya ga ginin zai yi dariya. Da kaka ta yi aka kawo dammunan godiya, aka sayar, aka ƙarasa rufin, ba wanda ke bin ikkilisiya ko kwabo. Waɗannan dattawa ba su taɓa jin sunan Müller ba, yawancinsu ma da ƙyar suke haɗa baƙi, amma ƙa'idarsa ce suka bi.

Dole mu ba Zumuntar Mata nata wuri cikin wannan tarihi. Al'adarsu ce in mace za ta yi niƙa ta ɗebi tafi ɗaya na hatsi ta zuba a wata tukunya dabam, ran taron zumunta a haɗa. Daga wannan tukunya aka ciyar da baƙin taro, aka kai wa gidan fasto a watannin bazara sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, aka yi wa gwauraye da marayu hidima. Labarin gwauruwar Zarefat cikin 1 Sarakuna 17 ba baƙon labari ba ne a wurinsu. Allah ya fara ciyar da Iliya ta bakin hankaki, amma da rafin ya ƙafe sai ya aike shi gidan matalauciya, a nan kuwa ya daɗe. Cikin shekara hamsin ɗin nan mun ga abin da za a iya kira hankaki sau ɗaya ko biyu, wato taimakon da ya zo daga inda ba a zata ba, daidai ranar da ake bukata. Amma abincin yau da kullum ta hannun gwauraye ya zo.

Shekarun 1980 suka kawo nasu gwaji. Bushiya ta kashe shanu a 1983, fari ya sāke komowa, aka yi canjin kuɗi a 1984, mutane suna layin sabulu da madara. Daga 1986 tsarin gyaran tattalin arziki da aka sani da SAP ya karya darajar naira, aka rage ma'aikata, waɗansu 'yan'uwa da ke aiki a birni suka komo gida hannu wofi. A wannan lokaci aka kawo shawara a taron ikkilisiya cewa a dakatar da gudummawar mishan sai abubuwa sun gyaru. Shawarar ba ta mugunta ba ce, gama fastonmu kansa ba a cika masa albashi ba. Wani dattijo, wanda ya riga mu gidan gaskiya, ya tashi ya tambaya ko ikkilisiyoyin da suka aiko mana da mai bishara sun jira abubuwa su gyaru tukuna. Ba a ƙara magana ba. Aka buɗe gonar mishan, kowane rukuni da ranar nomansa, abin da aka girbe kuma ba a taɓa shi domin wata bukata. Ikkilisiyoyin Makidoniya da Bulus ya yaba cikin 2 Korantiyawa 8 su ma cikin tsananin talauci suka yi bayarwarsu.

Yanzu muna da majami'ar bulo da siminti, da makaranta, da gidan fasto, da na'urar ƙara murya. A cikinmu akwai malamai, da ma'aikatan jinya, da 'yan kasuwa, da waɗanda ke turo zakkarsu ta waya daga Abuja ko Ikko. Duk da haka wuyar ba ta ƙare ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayu 2023, naira kuma ta sāke faɗuwa, kowace uwar gida ta san abin da mudu ya zama. Rashin tsaro ya hana waɗansu 'yan'uwa zuwa gonakinsu, waɗansu ma sun baro ƙauyukansu suna zaune a tsakaninmu. Wanda ya ce wa irin waɗannan mutane rashin bangaskiya ne ya jawo musu, bai karanta littafin Ayuba ba.

A irin wannan lokaci ne muryoyi biyu sukan yi ƙarfi. Ta ɗaya tana cewa ka shuka iri a hannun mutumin Allah, ka girbe mota kafin ƙarshen shekara. Mun ga gidajen da aka sayar da akuyar ƙarshe saboda wannan alkawari, mai wa'azin ne kaɗai ya girbe. Ta biyu ta fi laushi, ta kuma fi kusa da ƙofarmu. Tana cewa a gayyato mai kuɗi ko ɗan siyasa ya zama babban baƙo, ya yi alkawarin miliyoyi, a huta. Ba laifi ba ne mai hali ya ba Allah daga abin da ya samu ta hanyar gaskiya, muna kuma godiya ga dukan waɗanda suka yi haka. Amma ikkilisiyar da ta saba jiran babban baƙo takan manta da tukunyar Zumuntar Mata, bakinta kuma yakan yi nauyi ranar da ya kamata ta tsauta. Ubangiji Yesu ya hana mu damuwa cikin Matiyu sura 6, ya nuna mana tsuntsaye. Ai kuwa kowa ya san tsuntsu ba ya kwana a sheƙa yana jiran tsaba ta faɗo masa, Bulus kuma ya faɗa wa Tasalonikawa a fili abin da ya dace da wanda ya ƙi aiki. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, haka Hausawa suka ce, mu kuwa mun ga yadda yake yin haka: ta wurin fartanya, da hannun ɗan'uwa, da ma'ajin da ke tsoron Allah.

Saboda haka majalisar dattawa ta yanke shawara a kan baikon wannan biki. Ba za a sa shi cikin sabon gini ba. Za a raba shi kashi uku. Kashi ɗaya zai tafi ga ma'aikatan mishan da muke tallafa wa a ƙauyukan da ba su da majami'a tukuna. Kashi ɗaya na tsofaffin masu bishara da gwaurayen pastocin da suka yi hidima a nan, waɗanda da yawansu suka tsufa ba fansho. Na ukun kuwa na 'yan'uwan da aka raba da gonakinsu, domin iri da taki kafin damina. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo hatsi ko wake ko kaza, za a karɓa a rubuta kamar yadda aka saba tun farko. Ma'aji zai karanta cikakken lissafi a gaban jama'a Lahadi ta biyu bayan biki, za a kuma manna shi a allon sanarwa.

Tsohon littafin baikon nan mai yagaggen bango yana kan tebur a ƙofar shiga, tare da guntun ƙarfen da ya yi mana ƙararrawa. Muna roƙon iyaye su kai 'ya'yansu su duba, gama da yawa za su sami sunan kakarsu a ciki, da abin da ta kawo a gefensa. A taɓa shi a hankali, takardar ta tsufa.